Idan jiki ya saba da maganin kashe zafi: Abin da ɓerayen ɗakin bincike suka koya wa masana

A ɗakunan binciken magunguna na jami'o'i da dama akwai wani ƙaramin faranti na ƙarfe da ake ɗumamawa zuwa maki 52 ko 55 a ma'aunin salshiyos. Mai bincike zai ɗora ɓera a kai, ya danna agogo. Cikin 'yan daƙiƙu ɓeran zai fara lasar tafin ƙafarsa ta baya ko ya yi tsalle, sai a ɗauke shi a rubuta lokacin da ya yi. Idan kuwa an yi masa allurar mofin kafin a ɗora shi, zai zauna abinsa kamar bai san da wani zafi ba, har sai mai binciken ya cire shi da kansa don kada ƙafar ta ƙone.

Idan aka ci gaba da yi masa wannan allura safe da yamma, kafin mako ya zagayo labari zai sauya. Allurar da ta sa shi kwanciyar hankali a ranar farko ba za ta ƙara yi masa aikin kirki ba. Zai koma lasar ƙafa da wuri kamar wanda ba a yi wa komai ba, sai an ƙara yawan maganin.

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sabawar jiki da magani, kuma ita ce babbar matsalar mofin da danginsa irin su kodin, tiramadol da fentanil, waɗanda duk ake haɗawa a ce musu dangin ofiyom. Fiye da shekara 30 ke nan masana na samun nasarar hana wannan sabawa a jikin ɓeraye ta hanyoyi daban-daban. Amma har yau babu wani magani da aka amince da shi a kan cewa yana hana ta a jikin ɗan Adam.

Me ya sa sabawar ke da haɗari?

Bahaushe kan ce sabo turken wawa, amma wannan sabon babu ruwansa da wauta ko rashin tarbiyya. Yana iya samun duk wanda ya daɗe yana amfani da irin waɗannan magunguna, ko da likita ne ya rubuta masa, kamar mai ciwon daji ko wanda ya yi mummunar ƙuna.

Likitoci na bambanta abubuwa uku da jama'a ke yawan cakuɗawa. Na farko sabawa, wato maganin ya rage aiki har sai an ƙara. Na biyu dogaro, wato jiki ya shiga zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci idan aka tsayar da maganin farat ɗaya. Na uku jaraba, wato mutum ya kasa daina neman ƙwayar duk da yana ganin tana rusa masa rayuwa. Majiyyaci na iya samun na farko da na biyu ba tare da ya faɗa na uku ba.

Inda haɗarin yake shi ne sassan jiki ba sa sabawa a lokaci guda. Ƙarfin kashe zafi yana raguwa da wuri. Yadda maganin ke danne numfashi kuwa ba ya raguwa da irin wannan saurin, taurin bayan gida ma kusan ba ya raguwa ko kaɗan. Saboda haka duk lokacin da aka ƙara yawan magani, tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe zafi da adadin da ke tsayar da numfashi na ƙara matsewa. A Amurka, mutuwar da ke da alaƙa da dangin ofiyom ta haura 80,000 a shekarar 2022 kaɗai.

Kwaɗo da makulli

Wani matashin mai haɗa magunguna ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, shi ne ya fara tace mofin daga ofiyom a wajajen 1805. Sai da aka shafe fiye da shekara 160 kafin a gano inda maganin ke kama jiki. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, da wasu masana a New York da Uppsala ta ƙasar Suwidin, suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wasu makarɓa na musamman da mofin ke shiga cikinsu kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Shekara biyu bayan haka John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen a Birtaniya suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadaran da ke buɗe wannan kwaɗo. Daga ƙwaƙwalwar aladu suka tace su.

Mafi muhimmanci a cikin makarɓan shi ne wanda aka laƙaba wa sunan harafin Girkanci, miyu. A 1996 tawagar Brigitte Kieffer a birnin Strasbourg na Faransa ta samar da ɓerayen da aka cire musu wannan makarɓi tun daga ƙwayar gado. Da aka yi musu allurar mofin, bai kashe musu zafi ba, ba su nuna sha'awarsa ba, kuma ba su shiga wahala ba da aka daina ba su. Wannan ya tabbatar da cewa alherin mofin da sharrinsa duk ta ƙofa ɗaya suke shiga. Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya raba su bayan sun shige.

Hanya ta farko: hana jijiya koyo

A 1991 Keith Trujillo da Huda Akil na Jami'ar Michigan suka wallafa wani bincike a mujallar Science da ya buɗe sabon babi. Sun lura cewa sabawa tana kama da koyo, domin jijiyoyi ne ke sauya halinsu saboda abin da ya maimaitu a kansu. Akwai wani makarɓi a ƙwaƙwalwa da laka mai suna NMDA wanda aka san yana da hannu a koyo da riƙe abu. Sai suka riƙa ba ɓeraye mofin tare da wani sinadari mai toshe wannan makarɓi, MK-801. Ɓerayen ba su saba da mofin kamar sauran ba, kuma alamun dogaro sun ragu.

Ba a iya ba mutane MK-801 saboda yana rikita hankali. Amma akwai wani sinadari mai irin aikinsa, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba, wanda aka daɗe ana sa wa a maganin tari, wato dekstrometofan. Aka haɗa shi da mofin a ƙwaya guda mai suna MorphiDex, aka gwada a jikin masu fama da ciwo na dogon lokaci. Sakamakon manyan gwaje-gwaje uku da aka wallafa a 2005 ya nuna haɗin bai fi mofin zalla kashe zafi ba, kuma bai rage sabawa ba.

Wannan hanya ba ta tafi a banza gaba ɗaya ba. Maganin sa barci na ketamin, wanda shi ma ke toshe NMDA, likitoci na amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa a asibiti don rage yawan mofin da majiyyaci ke buƙata bayan tiyata, musamman wanda jikinsa ya riga ya saba.

Hanya ta biyu: cire birki

Labarin da ya fi kowanne ɗaukar hankali ya fito ne daga Jami'ar Duke. Idan mofin ya buɗe makarɓin miyu, saƙon kashe zafi na bi ta wani furotin da ake kira G. Amma ƙwayar jijiya ba ta barin ƙofa a buɗe. Takan manna wa makarɓin wata alama, sai wani furotin mai suna beta-arrestin ya zo ya kama shi, ya katse saƙon, wani lokaci ma ya janye makarɓin zuwa cikin ƙwayar. Aikinsa kamar na birki ne.

Laura Bohn, tare da Marc Caron da Robert Lefkowitz, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2012, sun gwada mofin a kan ɓerayen da ba su da nau'i na biyu na wannan furotin. A 1999 suka ba da rahoton cewa mofin ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa a jikinsu. A 2000 suka nuna cewa ɓerayen ba sa sabawa da shi a gwajin farantin zafi, ko da yake dogaro na nan. A 2005 kuma tawagar Bohn ta ce waɗannan ɓeraye ba sa samun dannewar numfashi da taurin bayan gida kamar sauran.

Kamfanonin magunguna suka yi caa. Tunanin shi ne a ƙera maganin da zai kunna hanyar G, ya ƙyale hanyar beta-arrestin. A 2016 masana suka tantance sinadarai fiye da miliyan uku ta kwamfuta, suka fito da wani mai suna PZM21, wanda rahoton farko ya ce ba ya danne numfashin ɓeraye sosai. Kamfanin Trevena kuma ya samar da oliseridin.

Daga nan ne abubuwa suka fara warwarewa. A 2018 masana a Jami'ar Bristol suka sake gwada PZM21, suka ga yana danne numfashi, kuma ɓeraye na sabawa da ƙarfinsa na kashe zafi. A 2019 tawagar Stefan Schulz a birnin Jena na Jamus ta samar da ɓerayen da beta-arrestin ba ya iya kama makarɓinsu. Sabawa ta ragu ƙwarai, wanda ya gaskata wani ɓangare na binciken Duke, amma dannewar numfashi da taurin bayan gida ba su ragu ba, wasu ma sun ƙaru. A 2020 ɗakunan bincike uku, a Jena da Bristol da Sydney ta Ostareliya, suka maimaita gwajin numfashin nan kowa a wurinsa, kuma dukkansu suka samu mofin na danne numfashin ɓerayen kamar na kowane ɓera.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da oliseridin a 2018, sannan ta amince da shi a watan Agustan 2020 da sunan Olinvyk, don yin allura a asibiti kawai. Takardarsa na ɗauke da gargaɗin jaraba da tsayawar numfashi irin wanda ke jikin mofin.

Hanya ta uku: duba wajen ƙwaƙwalwa

Wasu masanan sun karkata ga wuraren da da ba a zato. A Jami'ar Colorado, Linda Watkins da abokan aikinta sun daɗe suna nazarin wasu ƙwayoyin garkuwa da ke kewaye da jijiyoyin laka. Sun nuna cewa mofin na iya tunzura su su fitar da sinadaran kumburi masu ƙara jin zafi. A wani bincikensu na 2016, ɓeraye maza masu rauni a jijiya da aka ba mofin na kwana biyar kacal sun ninka tsawon lokacin da suka yi suna jin ciwo. Wannan na nuna cewa wani ɓangare na abin da ake ɗauka sabawa ce, a gaskiya maganin ne da kansa ke ƙara kaifin ciwon.

A 2012 tawagar Howard Gutstein a cibiyar ciwon daji ta MD Anderson da ke Texas ta gano cewa imatinib, maganin wani nau'in sankarar jini, yana hana sabawa da mofin a jikin ɓeraye, har ma yana warware ta bayan ta kafu.

A 2017 Gregory Corder da Grégory Scherrer na Jami'ar Stanford suka cire makarɓin miyu daga jijiyoyin da ke ɗauko saƙon zafi daga fata da gaɓoɓi kawai, suka bar na ƙwaƙwalwa da laka. Mofin ya ci gaba da kashe zafi, sabawa kuma ba ta zo ba. Suka sake samun irin wannan sakamako a jikin ɓeraye na yau da kullum ta hanyar haɗa mofin da metilnaltirekson, maganin da ke toshe makarɓin amma ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa, wanda tun 2008 ake ba majiyyata don taurin bayan gida da mofin ke jawowa.

Har hanji ma an leƙa. A 2017 masana a Jami'ar Virginia Commonwealth, ƙarƙashin Hamid Akbarali, sun ga cewa ɓerayen da aka share bakteriyar hanjinsu da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa sabawa da mofin kamar sauran. A 2019 tawagar Sabita Roy ta samu makamancin haka a jikin ɓerayen da aka raina ba tare da wata bakteriya a cikinsu ba, kuma ta nuna cewa ba su bakteriya masu amfani na rage sabawar.

Ɗakin da aka saba

Akwai wani tsohon bincike da bai shafi sabon magani ba, amma darasinsa ya fi saurin isa ga mutane. Shepard Siegel na Jami'ar McMaster a Kanada ya nuna tun a shekarun 1970 cewa jiki na koyon wurin da ake ba shi magani. Da zarar ɓera ya ga ɗakin da aka saba yi masa allura, jikinsa zai fara shirin tunkarar ta tun kafin ta shiga.

A 1982 ya wallafa gwajin da ya yi da hiroyin. Bayan ɓeraye sun saba da ita, sai aka yi musu allura mai yawa. Cikin waɗanda aka yi wa a ɗakin da suka saba, kashi 32 cikin 100 suka mutu. Cikin waɗanda aka yi wa a wani ɗaki dabam, kashi 64 suka mutu. Adadin maganin ɗaya ne, wuri kawai aka sauya.

Sabawa kuma tana gushewa idan aka daina shan magani na wani lokaci. Wani bincike kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa a makonni biyun farko bayan fitarsu, haɗarin mutuwarsu saboda ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Da yawa kan koma kan adadin da suka saba sha a da, alhali jikin ya riga ya manta.

Me ya sa nasarar ba ta tsallakowa zuwa mutane?

Dalili na farko shi ne ma'aunin kansa. Gwajin haska zafi a wutsiyar ɓera an ƙirƙiro shi a 1941, na faranti kuma ya samu siffarsa ta yanzu a 1953. Dukkansu suna auna saurin janye jiki daga zafi ne a jikin dabba mai lafiya. Ciwon mutumin da sankara ta cinye masa ƙashi wata da watanni, ga fargaba ga rashin barci, wani abu ne dabam.

Na biyu, ana jawo sabawa a jikin ɓera cikin kwanaki da allurai masu yawa. A jikin majiyyaci kuwa abin na ɗaukar makonni ko watanni, kuma idan ya nemi ƙarin magani da wuya a tantance ko jikinsa ne ya saba ko cutar ce ta ci gaba.

Na uku, an daɗe ana yin yawancin gwaje-gwajen da ɓeraye maza kawai. A 2015 tawagar Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ta nuna cewa ƙwayoyin garkuwar da ke ƙara kaifin ciwo a lakar ɓera namiji ba su ne ke yin wannan aiki a jikin ta mace ba. Shekara guda kafin nan, tawagar ta gano wani abin mamaki: warin jikin mai bincike namiji na tsorata ɓeraye har su rage nuna jin zafi, abin da ba ya faruwa idan mace ce ke gwajin. Ƙaramin abu irin wannan ya isa ya sa ɗakunan bincike biyu su samu sakamako mabambanta.

Akwai kuma batun dabbobin kansu. Ƙa'idar da masana biyu 'yan Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa a 1959 ita ce ake bi a mafi yawan ƙasashe: a maye gurbin dabba da wata hanya idan zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sassauta wahalarsu. Shi ya sa ake ƙayyade daƙiƙun da ɓera zai yi a kan faranti. Tun 2010 kuma akwai ma'aunin da ke gane ciwo daga fuskar ɓera, ta yadda yake runtse ido da kwantar da kunne.

Inda abin ya shafi Najeriya

Matsalar na da fuska biyu a Najeriya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 na shan dangin ofiyom, musamman tiramadol da kodin, ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Tiramadol da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda jami'an NDLEA ke yawan kamawa mai 225 ne ko 250. Sabawa na daga cikin abin da ke tura mai sha daga ƙwaya ɗaya zuwa biyu zuwa biyar, kuma tiramadol mai yawa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya baya ga danne numfashi.

A ɗaya fuskar kuma akwai masu buƙatar maganin da gaske. Ana haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar sikila a Najeriya duk shekara, kuma da yawansu za su buƙaci irin waɗannan allurai sau da dama a rayuwarsu idan ciwon ƙashi ya tashi. Wanda jikinsa ya saba, ya ce allurar ba ta yi masa ba, sau da yawa kallon ɗan ƙwaya ake yi masa. A duniya baki ɗaya ma rabon ba daidai yake ba: wani kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa cikin kusan tan 300 na mofin da danginsa da ake rarrabawa a shekara, kashi ɗaya bisa goma na tan guda kawai ke isa ƙasashe mafiya talauci.

Abin da likitoci ke yi kafin nan

Tun da babu maganin hana sabawa, likitoci na amfani da dabarun da ke hannu. Sukan sauya majiyyaci daga wani nau'in zuwa wani, domin sabawa da ɗaya ba ta zama cikakkiyar sabawa da ɗayan. Sukan haɗa da farasitamol ko magungunan kumburi ko allurar kashe jijiya don a rage yawan ofiyom ɗin. Idan lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa.

Wasu kamfanonin kuma sun bar makarɓin miyu gaba ɗaya. A watan Janairun 2025 Amurka ta amince da Journavx, maganin da ke tare saƙon zafi tun a jijiyoyin wajen ƙwaƙwalwa. An amince da shi ne don ciwo na ɗan lokaci kamar na bayan tiyata, bai maye gurbin mofin ga mai ciwon daji ba.

Ga majiyyaci da masu jinyarsa, shawarar likitoci ba ta sauya ba. Idan maganin ya daina aiki kamar da, a koma wurin wanda ya rubuta shi, kada a ƙara da kai. Wanda ya yi makonni bai sha ba, kada ya koma kan tsohon adadinsa. Kada a haɗa shi da barasa ko ƙwayoyin sa barci. Idan kuma aka ga mutum ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, a garzaya da shi asibiti, domin akwai allurar nalokson da ke warware aikin ofiyom cikin 'yan mintuna idan an kai shi a kan lokaci.